Daga Buhun Taki Zuwa Kwalbar Gwaji: Bitar Kemistiri Kafin Jarrabawa

Bangonmu na wannan karo na 'yan ajin kimiyya ne, musamman 'yan SS3 da jarrabawar WAEC da ta NECO suka ƙarato musu. 'Yan SS1 da SS2, ku ma ku tsaya ku karanta. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, ai ka san abin da za ka shafa wa naka.

Takarda ta uku ta kemistiri a WAEC ita ce firaktikal: awa biyu, tambaya uku, maki 50. A ɗaya daga cikin tambayoyin za a ajiye maka wani gari ko wani ruwa, ba suna sai harafi guda a jikin kwalbar, a ce ka bi umarni ka rubuta abu uku a jere: gwajin da ka yi, abin da ka gani, da hukuncin da ka yanke. A nan ɗalibai da yawa suke zubar da makin da zai kai su ga kiredit. Kowa kuwa ya sani, in babu kiredit a kemistiri babu maganar likitanci, ko jinya, ko haɗa magunguna, ko digirin noma a Samaru. Yadda makin ke zubewa ba ɓoyayye ba ne. Mutum ya haddace teburin gwaje-gwaje kamar yadda aka haddace biyu sau biyu a firamare, ranar jarrabawa fari ya fito a kwalba, shi kuma farare huɗu ne a kansa, ya rasa wanda zai kama.

Teburin nan yana da tushe, tushen kuwa shi ne darasin ɗaurin sinadarai da aka yi tun a SS1, wanda da yawa suka rufe littafinsa suka manta. Wanda ya gane yadda atam ke riƙe atam, rabin teburin zai iya fito da shi da kansa. Mu kuma 'yan Ɗandume muna da gatan da ɗan birni ba shi da shi: kayan wannan darasi a zaurukanmu ake jibge su. Lokacin da ake rubuta WAEC da NECO, daga Mayu zuwa Yuli, shi ne lokacin da buhunan yuriya da NPK ke shigowa gidajen manoman masara daga nan har Funtuwa da Malumfashi. Don haka da su za mu yi bitar.

Kyauta, tarayya, da shanun huɗa

Mu fara da gishirin miya, NaCl. Atam ɗin sodiyam yana da ilektaron 11, a jere 2, 8, 1. Na kilorin yana da 17, a jere 2, 8, 7. Sodiyam ya saki ɗayan nan da ke zagayen waje, kilorin ya karɓa, kowa ya samu takwas a waje. Amma da yake ilektaron cajin ɗebewa gare shi, wanda ya bayar ya koma Na⁺, wanda ya karɓa ya koma Cl⁻. Atam ko gungun atam mai ɗauke da caji shi ake kira ayon. Ku lura da kyau, don nan ake yawan faɗuwa a tambayar bayani: miƙa ilektaron ɗin hanya ce kawai, ɗaurin kansa shi ne jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani. Kuma jan bai tsaya tsakanin Na⁺ ɗaya da Cl⁻ ɗaya ba. A cikin ƙwayar gishiri kowane Na⁺ yana kewaye da Cl⁻ shida, kowane Cl⁻ yana kewaye da Na⁺ shida, haka har ƙarshen ƙwayar. Shi ya sa sai zafi ya kai digiri 801 kafin gishiri ya narke a wuta.

Yanzu ɗebo yuriya daga buhu. Ita ma fara ce, ita ma tana narkewa a ruwa, har wanda bai sani ba zai ce dangin gishiri ce. Alhali a wuta digiri 133 ya ishe ta. Dalili shi ne a cikin yuriya, CO(NH₂)₂, babu wanda ya ba wani ilektaron. Tarayya suka yi. Kamar manoma biyu ne, kowa da sa ɗaya, sa ɗaya kuma ba ya jan garma, sai suka haɗa su suna huɗa tare. Kowane atam ya kawo ilektaron ɗaya, biyun suka zama na su duka. Wannan shi ne ɗaurin tarayya, wanda littafi ke kira kobalen. Ɗaurin yana da ƙarfi a cikin molekul ɗin, amma jan da ke tsakanin molekul da maƙwabcinsa bai kai na ayon ƙarfi ba, shi ne zafi kaɗan ke raba su.

Akwai wata tarayyar da mutum ɗaya ne ke kawo shanun duka biyu, abokinsa ya zo hannu rabbana, amma a yi huɗar tare. Amoniya, NH₃, tana da ilektaron biyu a kan naitirojin da ba ta haɗa da kowa ba. In H⁺ ya zo, shi da ba shi da ilektaron ko ɗaya, sai ta ba da biyun a yi tarayya a kansu, a samu NH₄⁺. Wannan shi ne ɗaurin datib. Ku riƙe waɗannan ilektaron biyu na amoniya a ranku, za su dawo su warware mana layi uku na tebur a lokaci guda. Kuma in an tambaye ku sinadari ɗaya mai ɗauke da ɗaurin ayon da na tarayya da na datib gaba ɗaya, ga takin amoniyam salfet, (NH₄)₂SO₄, ko kuma NH₄Cl.

Ƙarfe kuma nasa tsarin daban ne. Atam ɗinsa sun saki ilektaron ɗinsu na waje sun zama na kowa da kowa, suna yawo tsakanin ayon masu cajin tarawa. Yawon nan ne ke sa wayar jan ƙarfe ɗaukar lantarki. Shi ne kuma ya sa maƙeri zai daki bakin fartanya ya baje bai fashe ba, don layukan atam suna zamewa kan juna ilektaron na biye da su. Ka daki dunƙulen gishiri haka, layi ya gota, caji iri ɗaya su fuskanci juna su ture juna, ya tarwatse.

Wata 'yar tunatarwa. Misalin shanu da na kyauta don a gane ne kawai. A takardar amsa kada a rubuta cewa atam yana so ko yana jin daɗi. Jan caji ne ke aiki, shi za a ambata.

Abin da ruwa ke yi

Da Hausa kalma ɗaya muke da ita, narkewa, ko man shanu ne a wuta ko sukari a shayi. A kemistiri abu biyu ne mabambanta, kuma a Turancin jarrabawa kowanne da kalmarsa, sai a kula. Gishirin da wuta ke wahala a kansa, ruwan sanyi na randa yana raba shi cikin minti ɗaya. Molekul ɗin ruwa, H₂O, ɗaurin tarayya ne, amma tarayyar ba ta adalci ba ce: oksijin ya fi jan ilektaron ɗin zuwa gefensa. Sai gefen oksijin ya ɗan yi cajin ɗebewa, gefen haidirojin ya ɗan yi na tarawa. Da waɗannan ɓangarori biyu ruwa ke yanyame kowane ayon ya janye shi daga cikin 'yan uwansa. Kananzir ba shi da wannan rabuwar caji, shi ya sa gishiri ke zama a ƙasansa ko a jikinsa.

Ana iya ganin wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Batir uku na tocila, ƙaramin ƙwan LED, waya, da sandunan gawayin nan biyu da ake cirowa daga tsohon batir. A tsoma sandunan a ruwan gishiri, ƙwai zai kawo haske. A tsoma su a busasshen gishiri, shiru, don ayon suna nan amma ba su da halin motsi. A gwada ruwan yuriya ko na sukari, nan ma shiru, don sun narke amma a matsayin molekul, ba su rabu zuwa ayon ba. Sai dai a yi amfani da tataccen ruwa ko ruwan sama mai tsabta, domin ruwan rijiya da kansa yana da ayon da za su iya sa ƙwan ya ɗan yi haske. Kuma batir kawai muka ce. Kada wanda ya kusanci wutar soket da wannan gwaji.

Michael Faraday na Ingila ne ya shigo da kalmar ayon a 1834, daga wata kalmar Girkanci mai nufin mai tafiya. Shekara hamsin bayan haka, a 1884, wani ɗalibi ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya gabatar da kundin digirinsa na uku a kan yadda narkakken gishiri ke ɗaukar lantarki. Malamansa suka ba shi sakamako mai rauni. A 1903 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki, wato bayanin cewa gishiri yana rabuwa zuwa ayon a cikin ruwa.

To ga inda tebur ya samo asali. Ruwa ba ya iya raba kowane ayon biyu. Akwai waɗanda in sun haɗu riƙonsu ya fi ƙarfinsa, sai su dunƙule su fito fili a matsayin daskararren abu, ruwan ya gurɓace, daga baya abin ya kwanta a ƙasan kwalba. Shi ne Malam ke taƙaitawa da ppt a allo. A nan za mu kira shi gudaji. Yawancin gwajin ayon dabara ɗaya ce: ka turo wa ayon ɗin da kake zargi abokin da in sun haɗu ruwa ba zai iya raba su ba, ko wanda zai kore shi ya fita a matsayin iska.

Daga nan kuma za ku gane abin da ya sa wasu ayon huɗu ba a kama su da gudaji a teburinmu. Gishirin Na⁺, da K⁺, da NH₄⁺, da NO₃⁻ da za ku haɗu da su a sakandare duk suna narkewa a ruwa. Dole aka nemo musu wata hanya: harshen wuta ga Na⁺ da K⁺, iska ga NH₄⁺, zobe ga NO₃⁻. Manomi ma ya san wannan hali, ko da bai san sunansa ba. Ƙwayoyin laka da ruɓaɓɓen takin gida suna ɗauke da cajin ɗebewa, don haka suna riƙe K⁺ da NH₄⁺ da Ca²⁺. Naitiret kuwa, NO₃⁻, cajinsa iri ɗaya ne da nasu, ba mai riƙe shi, ruwan Agusta ya wanke shi ya yi ƙasa da shi inda saiwar masara ba ta kaiwa. Wannan na daga cikin dalilan da malaman gona ke cewa a raba taki kashi biyu, NPK a makonnin farko, yuriya daga baya, maimakon a zuba duka rana ɗaya.

Toka da taki ba sa shiri

Gwajin da ya fi kusa da gonarmu shi ne na NH₄⁺. A zuba ruwan NaOH a kan abin da aka ba ka, a ɗan ɗumama. Ba gudajin da zai fito. Iska ce za ta tashi, marar launi, mai zarni mai hawa kai, irin warin da ke dukan hanci a turken awaki da safe. A jiƙa jar takardar litmas a kai bakin kwalbar, ta koma shuɗiya. Abin da ya faru: OH⁻ ya ƙwace H⁺ ɗin nan da ya zo hannu rabbana, NH₄⁺ + OH⁻ → NH₃ + H₂O, amoniya ta kama gabanta. A jiƙa takardar, mun sake faɗa, don busasshiya ba ta nuna komai, kuma a rubuta cewa jiƙaƙƙiya ce.

Toka ma alkali ce. Kalmar ma daga Larabci ta fito, daga sunan tokar wani tsiro, kuma ba ta da dangantaka da alƙalin kotu, shi nasa da ƙugiya ake rubutawa. Don haka wanda ya cakuɗa toka da takin da ke da amoniyam, danshi ya taɓa su, ya yi wannan gwajin ne a gonarsa, naitirojin ɗin da ya saya da kuɗinsa ya bi iska. Yuriya ma haka take ƙarewa in an watsa ta a saman ƙasa aka bar ta. Wani inzayim da ƙananan halittun ƙasa ke fitarwa yana mayar da ita amoniyam kabonet, zafin rana ya taimaka, amoniya ta tashi. Shi ya sa ake cewa a tona a binne.

Asarar tana lissaftuwa, kuma irin lissafin da ake tambaya ne. Nauyin molekul ɗin yuriya 60 ne, naitirojin biyun da ke ciki 28. Raba 28 da 60, ka samu kashi 46 da ɗoriya cikin 100, wato lambar 46 da ke jikin buhu. Buhu mai kilo 50 yana da naitirojin kilo 23. Yi wa (NH₄)₂SO₄ haka: 28 cikin 132, kashi 21. Ita yuriyar nan a fitsari aka fara gano ta, sai a 1828 Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa ta a ɗakin gwaji. Yau da iskar gas ake yin amoniyar da ake sarrafa ta da ita, a masana'antu irin na Indorama a Eleme da na Dangote a Lekki da aka ƙaddamar a 2022.

Farare huɗu da masu launi uku

Ayon ɗin ƙarfe da ruwa biyu ake tambayarsu, NaOH da ruwan amoniya, kuma kowanne sau biyu: ɗigo-ɗigo tukuna, sannan a ƙara da yawa. Wanda ya tuttula gaba ɗaya zai iya wuce gudajin bai gan shi ba, ya rubuta cewa babu abin da ya faru.

Masu launi ba su da wahala. Cu²⁺ gudaji shuɗi mai haske. Fe²⁺ kore mai dauɗa-dauɗa. Fe³⁺ ja mai ruwan ƙasa, launin tsatsa, launin jar ƙasar burji. In ka bar koren ya jima za ka ga samansa ya fara ja, don oksijin na iska yana mayar da Fe²⁺ zuwa Fe³⁺. Wanda ya taɓa ganin ruwan wata rijiyar burtsatse ya fito garau, aka ajiye shi a bokiti ya wayi gari da ja a ƙasa, ya riga ya ga wannan canji.

Fararen su ne Ca²⁺, Zn²⁺, Al³⁺ da Pb²⁺, kuma kowanne yana ba da farin gudaji da ɗigon NaOH. A ƙara NaOH da yawa: na Ca²⁺ zai tsaya, ukun su narke ruwan ya koma garau. Haidiroksaid ɗin waɗannan ukun baki biyu gare su, suna narkewa a asid, suna narkewa a alkali mai ƙarfi. An fitar da ɗaya ke nan. Kalsiyam yana da wata shaidar kuma: da ruwan amoniya ba ya ba da gudaji sam, saboda amoniya OH⁻ kaɗan take samarwa, Ca(OH)₂ kuma yana ɗan narkewa.

Saura uku. A ɗauki sabon kaso a sa ruwan amoniya, ɗigo sannan da yawa. Na Zn²⁺ zai narke, na Al³⁺ da na Pb²⁺ su tsaya. Ga ilektaron biyun nan na amoniya sun dawo. Molekul huɗu na NH₃ suna kewaye Zn²⁺, kowanne ya ba shi nasa biyun da ɗaurin datib, su ɗauke shi su mayar cikin ruwa. Abin da suke yi wa Cu²⁺ ke nan, gudajinsa ya narke ruwan ya koma shuɗi mai duhu kamar rinin baba. Shi suke yi wa azurfa ma, za mu gani a gwajin Cl⁻. Tutiya, jan ƙarfe, azurfa: dalili ɗaya.

Saura Al³⁺ da Pb²⁺. Ido yana ɗan taimakawa, don na Al³⁺ kamar dafaffen sitaci yake, na Pb²⁺ kamar garin alli, amma kada a dogara da ido kaɗai. A ɗiga KI: Pb²⁺ zai ba da gudaji ruwan ɗorawa, Al³⁺ ba zai nuna komai ba. Ko a sa sirkakken HCl: Pb²⁺ zai ba da farin gudajin da ke narkewa in an ɗumama, ya dawo in ya huce.

Waɗannan biyun sun cancanci a san su ko ba don jarrabawa ba. Gudajin Al(OH)₃ mai kama da sitaci shi ne ke aiki in an jefa alif, wanda wasu ke kira alam, a ruwan rafi mai laka: yana kama ƙwayoyin lakar ya kwanta da su. Amma tace laka ne kawai, bai kashe ƙwayoyin cuta ba, sai an tafasa ko an sa kilorin. Dalma kuwa guba ce. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabtanmu, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Allah ya jiƙansu. Duk wanda ya taɓa gishirin dalma a ɗakin gwaji ya wanke hannu kafin ya taɓa abinci.

Kanwa, alif da gishiri

Masu cajin ɗebewa kuma, uku daga cikinsu suna madafin gidanku. A matsa lemun tsami a kan garin kanwa, za a ga kumfa ta taso. Wannan shi ne gwajin kabonet, CO₃²⁻: a sa sirkakken asid, iska marar launi marar wari ta fito, a bi da ita cikin ruwan Ca(OH)₂, ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. Sunan wannan ruwa na Turanci yana sa wasu su zaci ruwan lemun tsami ne. Ba su haɗa komai ba, shi alkali ne, lemun tsami asid ne. Ɓawon ƙwai ma yana kumfa da asid, don CaCO₃ ne, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato. Allin aji kuwa kada ku yi mamaki in ya ƙi, da yawansa CaSO₄ ne.

Kanwa tana da wani abin lura. A Turancin kasuwa da sunan fotash ake kiranta, mutum ya zaci fotasiyam ce, alhali mafi yawanta sodiyam kabonet ne da sodiyam haidirojin kabonet. Harshen wuta zai raba gardama: sodiyam yana mayar da shi ruwan ɗorawa, kamar yadda ake gani in miya ta zubo a kan murhun gas, fotasiyam kuwa ruwan hoda mai sirkin shuɗi yake bayarwa. In kuma babu litmas a kusa, ruwan zoɓo yana nuna hanya: ja a asid, ya juya kore-kore mai duhu in an sa masa kanwa.

Salfet, SO₄²⁻, yana cikin alif. A sa BaCl₂, farin gudaji ya fito. Nan ne masu gaggawa ke rubuta hukunci su faɗi, domin CO₃²⁻ da SO₃²⁻ su ma farin gudaji suke bayarwa da BaCl₂. Abin da ya halatta a rubuta a wannan mataki shi ne ana zargin ɗaya daga cikin ukun. Sai an ƙara sirkakken HCl da yawa: in gudajin ya tsaya, salfet ne, in ya narke da kumfa, ɗaya daga cikin biyun ne, sai a gwada iskar. Ta SO₃²⁻ tana da wari mai shaƙewa irin na farar wuta in ta ƙone, kuma tana mayar da ruwan K₂Cr₂O₇ mai asid daga ruwan lemo zuwa kore. Dogayen sunayen da ke cikin littafin Ababio kada su firgita ku, ƙidaya ce kawai: tetira-okso oksijin huɗu, tiraya-okso oksijin uku, lambar Romawa ta ƙarshe kuma lambar oksideshan ce ta atam ɗin tsakiya.

Kilorayid, Cl⁻, shi ne na gishiri. A fara sa sirkakken HNO₃ don ya kori kabonet in akwai, sannan AgNO₃. Farin gudaji zai fito kamar tsinkakken nono, wanda ke narkewa a ruwan amoniya mai yawa, ya kuma yi duhu in an bar shi a rana. Me ya sa HNO₃, ba HCl ba? Don HCl da kansa Cl⁻ ne zai zuba a kwalbar, ka kama ɓarawon da kai ka shigo da shi. Haka nan ba a sa H₂SO₄ a gwajin salfet. Wannan gwaji yana da amfani a wajen makaranta. Tsabtatacciyar yuriya ba ta ba da gudaji da AgNO₃ mai asid, ba ta bayarwa da BaCl₂. In ta bayar, akwai wani abu a buhun da ba yuriya ba. Ƙorafin gurɓataccen taki ya kai har an yi masa dokar kula da ingancin taki ta ƙasa a 2019, kuma masu binciken da za su tabbatar da ita daga irin wannan teburin suka fara.

Naitiret shi ne mai zobe. A zuba ruwan FeSO₄ da aka haɗa yanzu-yanzu, a karkata kwalbar, a tsiyaya tsantsar H₂SO₄ a hankali ta jikinta. Asid ɗin ya fi nauyi, zai sauka ƙasa, a mahaɗar ruwan biyu kuma zobe ruwan ƙasa ya fito. Kada a girgiza. Dalilin cewa sabon haɗi kun riga kun san shi: Fe²⁺ ba ya jimawa a iska. Tsantsar H₂SO₄ tana cin fata da tufafi, ruwan batirin mota ma da aka sirka kun ga yadda yake yi wa wando, don haka wannan gwaji sai Malam yana tsaye. Ba a ɗanɗana komai a ɗakin gwaji, ba a kuma kafa hanci a bakin kwalba. Da hannu ake fifito warin.

Wajen rubutu, a cika tebur ana cikin gwajin, kada a bari sai an gama. A gurbin abin da aka gani, ido da hanci kawai ke magana: launi, gudaji ko babu, ya narke ko ya tsaya, iska da warinta da abin da ta yi wa litmas. Sunan ayon a gurbin hukunci yake, da cajinsa cikakke, don Fe kawai ba amsa ba ce, ko Fe²⁺ ko Fe³⁺. In ruwa ya koma garau a rubuta marar launi, kada a ce fari. In kuma ba a ga canji ba a rubuta hakan, shi ma shaida ce: rashin gudaji da NaOH ya kore farare huɗun nan da masu launi ukun gaba ɗaya.

Tambayar wannan fitowa

Wani manomi yana da ragowar taki a leda uku, rubutun jikinsu ya goge, dukansu farare: yuriya, amoniyam salfet, da fotasiyam kilorayid, KCl. An ba ka tataccen ruwa, sirkakken HCl, sirkakken HNO₃, da damar zaɓar kwalba biyu kacal daga cikin NaOH, BaCl₂, AgNO₃ da ruwan amoniya. Waɗanne za ka ɗauka, da wacce za ka fara, kuma me za ka gani a kowace leda? A rubuta amsa a tsarin gurbi uku na jarrabawa, da suna da aji, a miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin fitowa ta gaba. Za mu kai wa malamin kemistiri ya duba, wadda ta fi tsari kuma a nan za mu liƙa ta.